Yadda Siririya Ta Sauko Daga Lamba Ɗaya

Yayana mai aski ne, ni kuma tela. Shagona manne yake da nasa, falankin katako ne kawai ya raba mu. Saboda haka in na ce na san waƙoƙin da yake so, ba cika baki nake yi ba. Shekara ashirin da ɗoriya ina jin su ba da son raina ba. Akwai ma wadda in ta tashi sai in tarar ƙafata na bin kiɗanta a kan keken ɗinki, in na farga in tsaya don haushi.

A layinmu Mai Goma ake ce masa. Sunan ya samo asali ne daga wata 'yar kanta da ya sa kafinta ya kafa masa a saman madubi, mai gurbi goma. Kowane gurbi da kaset ɗaya, kowane kaset kuma waƙa ɗaya ce tal a ciki, an maimaita ta gaba da baya har zare ya ƙare. Tun yana saurayi yake tara su. A lokacin akwai wani shiri a rediyo da ake jero waƙoƙin da suka fi tashe a mako, shi kuwa sai ya durƙusa gaban rikoda, yatsa a kan maɓalli, duk wanda ya yi tari a ɗakin ya shiga uku. Ni nan na sha ranƙwashi a kan haka. Abin da ya tara ya cika kwali biyu a ƙarƙashin benci, amma goma ne kaɗai ke samun hawa kanta, kuma bisa matsayi suke zaune, daga lamba ɗaya zuwa goma.

Yawancin waƙoƙin ba da harshenmu aka yi su ba, kuma Yaya ba ya jin ko kalma guda a ciki. Hakan bai taɓa hana shi fassara ba. Shi yake raɗa musu suna: akwai Mai Ciwon Haƙori, akwai Gudun 'Yan Sanda, akwai Surukai Sun Zo. Yana aski yana bayani. "Ka ji nan? Cewa yake matarsa ta tafi, kuma ta haɗa har da tukunyar gidan." Wani ɗan makaranta ya taɓa gaya masa cewa waƙar rawa kawai take kira a tashi a yi. Yaya sai ya kashe rikoda ya yi masa aski a shiru, wanda a shagon nan babu hukuncin da ya kai shi.

Don kuwa a wurin Yaya, waƙar da aka sa maka ita ce darajarka. Baƙo da lamba goma yake farawa. In ka daɗe kana zuwa, ba ka motsa kai, ba ka kawo maganar ƙwallo, sai ka ji wata rana an ɗaga ka zuwa takwas. Amininsa Direba, mai tuƙa tasi, sai da furfura ta fito masa kafin ya taka lamba uku, ranar kuwa har shagona ya leƙo ya ba ni labari. Jerin kansa ba ya zama wuri ɗaya. Yaya kan wayi gari ya sauke wannan ya ɗaga waccan, 'yan benci su yi ta gardama har wani ya yi fushi ya tafi da gashinsa.

Lamba ɗaya ce kawai ba a taɓawa, kuma ba a sa wa kowa ita. Siririya yake kiranta, don wata mata ce ta rera ta da murya kamar zaren allura, sai ɗan sarewa a bayanta, babu ganga ko kaɗan. Da ita ya yi neman matarsa, wadda nake kira Anti, shi kuma yake ce mata Uwar Biyu saboda tagwayensu mata. Rikoda yake saɓawa a kafaɗa ya tafi ƙofar gidansu, batir na mutuwa muryar na jan ƙafa, shi ko a jikinsa. Tun da ya buɗe shago kuwa, kullum da rana in Anti ta karyo kwanar layin da kwanon abincinsa, ko kan wa yake aski sai ya ajiye injin ya sa Siririya. Duk layin ya san wannan. Mai gyaran waya ma da ita yake sanin lokacin cin abinci ya yi. Anti takan shigo tana haɗe fuska tana cewa, "Kai dai ba ka girma," amma ban taɓa ganin ta aiko wani da kwanon ba.

Wata safiya na shiga aron tsintsiya, na ɗaga kai, sai na ga abin da ya sa na kusa sakin ta. Siririya na gurbi na biyu. A na ɗaya kuwa Gudun 'Yan Sanda ce ta baje, waƙar da ba komai a cikinta sai dukan ganga da wani ƙato yana gurnani.

Na ce, "Yaya, wa ya taɓa maka kanta?"

"Ni na taɓa."

"Lafiyarka kuwa?"

"Ta yi sanyi ne," in ji shi, yana goge madubi. "Na saurare ta da kyau. Babu gishiri a cikinta kamar da."

"To wallahi ka mayar da ita kafin rana ta yi."

Bai mayar ba. Anti ta karyo kwana, gurnanin ƙato ya tarbe ta. Ta shigo, ta dubi kantar, ta dubi mijinta, ta ajiye kwano a hankali ta ce, "A ci lafiya." Ni da na san ta, da ta yi masifa ma da hankalina ya fi kwanciya.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Siririya ta gangaro huɗu, ta ɗan zauna, ta zarce bakwai. Yaya ya zargi kaset, ya zargi rikoda, ya sayo ruwan goge kan rikodar, ya sa mai gyaran waya ya nemo masa waƙar sabuwa fil, ya saurara ya ce ai waɗannan na zamani sun cinye mata murya. 'Yan benci kuwa abin nema ya samu. Direba har cewa yake, "Mai Goma, in ta faɗo ƙasa ka ba ni, in riƙa sa wa fasinja masu son barci."

Anti ta daina shiga shagon. A wurina take ajiye kwanon, ni nake miƙa masa ta ƙofa, kamar ba ni da aikin yi. Wata rana ta zauna a kan kujerar masu gwaji, ta daɗe tana murza bakin wani yadi.

Ta ce, "Ke ƙanwarsa ce, ki ji da kyau. Ranar da waƙar nan ta bar kantar can, ni ma zan kwashe kayana in koma wurin 'yan biyu."

"Haba Anti, a kan kaset?"

"Ba kaset ba ne. Mutum ya shekara talatin yana gaya wa duk layi ke ce ta ɗaya, yanzu kuma a gaban mutanen nan yake ta sauke ki kamar farashin gwanjo. A gida ma haka ne. In kira shi ya yi banza da ni. In ba shi labari ya ce uhm. Ni ban san me na yi masa ba."

Sai ga hawaye. Anti fa, wadda ko ranar auren 'ya'yanta ba ta yi kuka ba. Tausayinta ya kama ni, haushin Yaya kuma ya cika ni har wuya. Na same shi na wanke shi tas. Ya tsaya yana kallon bakina har na gama, sannan ya ce, "Kunne ba ya ƙarya. In na bar ta a sama don tsoron mace, jerin nan ya zama na munafunci." Da ba yayana ba ne, da tsintsiyar na kwaɗa masa.

Ranar da Siririya ta kai lamba goma, ina ɗinkin wata riga mai santsi da ba ta son wasa. Kiɗa ya yi kiɗa har katakon tsakaninmu na rawa, gwangwanin maɓallaina ya dinga tafiya da kansa a kan tebur har ya faɗo ya watse. Dama wata da watanni ƙarar na ƙaruwa ina haɗiyewa. Na tashi a fusace na faɗa shagonsa. Ya juya baya yana yi wa Direba aski. Na ce ya rage. Bai juyo ba. Na ɗaga murya, shiru. Sai da na matso inda madubi ya nuno ni, ya yi firgigit ya ce, "A'a, yaushe kika shigo?"

Nan na koma gefe na zuba masa ido. Duk sanda Direba ya yi magana, bakinsa Yaya yake kallo ta madubi kafin ya amsa. In ya ajiye injin kuma, tafin hannunsa yake ɗorawa a kan sifika. Na ɗaga kai na bi kantar da kallo. Daga ɗaya zuwa tara duk ganguna ne da maza masu kaurin murya. Duk wata mai sarewa, duk wata mace, ta koma kwali. Siririya kaɗai ta rage, tana maƙale a ƙarshe.

Na tsaya a bayansa inda madubi bai kai ba, na kira shi da sunan da muke tsokanarsa da shi muna yara, wanda in ya ji sai an raba mu. "Kumatu." Ko gezau. Direba ya fara dariya, ya kalli fuskata, dariyar ta tsaya.

Da na gaya wa Anti a shagona, farko cewa ta yi, "Ƙarya ne, ai yana jin buɗe tukunya." Can kuma ta ce, "Ashe duk watannin nan ni kaɗai nake faɗana." Ta gyara mayafi, ta ɗauki kwanon da kanta, na bi bayanta.

Direba na nan a kujera, rabin kai a aske. Anti ta miƙa hannu ta zaro Siririya daga gurbi na goma, ta sa a rikoda, ta rufe, ta tsaya ta kare ta da jikinta. Yaya ya karkatar da kai, ya lumshe ido, har da ɗan kaɗa yatsa. Bayan ɗan lokaci ya ce, "To kin ji da kunnenki, Uwar Biyu. Muryar ta tafi. Ba laifina ba ne."

Anti ta matsa gefe don ya gani, ta dube shi sosai ta ce, "Ban kunna ba."

Yaya ya laluba benci ya zauna, injin askin na hannunsa.

"Tun yaushe?" in ji ta, tana buɗe baki sosai.

"Tun bara. Da farko na ɗauka kaset ne. Daga baya na gane ba shi ba ne."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In ce me? Mai Goma ya kurmance? Wa zai ƙara yin gardama da ni?" Ya ɗaga kai ya dubi gurbin da ta zaro kaset ɗin. "Ire-irenta duk na zuba su a kwali tuntuni. Ita ce na kasa."

Anti ta ajiye kwano. Ta sunkuya daidai kunnensa, ta riƙe kafaɗarsa, ta fara rera Siririya. Ya kamata in faɗi gaskiya a kan muryar Anti: renon tagwaye da kiran masu tallan ruwa sun mayar da ita kamar ta tsohuwar babbar mota a kan tudu. Kalmomin ma ba ta san su ba, fassarar Yaya take rerawa, wai wata ce ke jiran wani a tashar mota ruwa na dukanta. Amma muryar na da kauri, kaurin kuwa shi ne abin da ya rage masa. Na ga yatsansa ya fara kaɗawa, wannan karon daidai da waƙar. Idonsa ya ciko. Nawa ma ya ciko, ban ɓoye ba. Direba ya ja ƙyallen aski ya share fuska, ya ce wai gashi ne ya shiga masa ido.

Mun kai shi asibiti da ƙyar da jan hali, aka ba shi wata 'yar na'ura da yake saƙalawa a bayan kunne. Yanzu yana ji, har ya fi yadda nake so, don ko tsaki na yi ta cikin katako sai ya amsa. Matan da suka koma kwali sun dawo kanta, Gudun 'Yan Sanda ta gangara shida inda ta dace. Siririya kuwa a gurbi na biyu ya ajiye ta, na ɗaya ya bar shi wayam.

Anti ta gani ta riƙe ƙugu. "Bayan duk wannan, biyu?"

Ya ce, "Ta ɗayan ba ta shiga kaset. Da rana take zuwa da kwano."

Tun daga nan ba ya buɗe abincin sai ta rera masa ko baiti ɗaya ne. Takan yi mita, ta ce shi dai ba ya girma, ta kori 'yan benci waje, sannan ta sunkuya. Ni dai katako ne tsakaninmu, komai ina ji. Muryar ba daɗi, wallahi ba daɗi. Amma in ta fara, nakan ɗage ƙafata daga kan keken har sai ta gama.