Hotunan Gwajin Baba Walƙiya

Ranar Talata, tara ga wata, ina cikin yanka hotunan fasfo aka bugo mini waya cewa ka rasu, Baba Walƙiya. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma.

Da shagon hoton da muke aiki tare ya koma kyamarar dijital, mai shago ya ce tsohuwar filash ɗinka, fitilar walƙiyar hoto, ta gama yayi, tunda ba ta jin maganar sabuwar kyamara, balle su auna haske tare. Ka ce, "Yallaɓai, ni ma ba na jin maganarta, amma muna zaune lafiya." Sai da ka gwada ƙarfin wutarta don kada ta ƙona kyamarar, sannan ka koma saita ta da hannu. Kullum da safe sai ka hau kujerar kwastoma, ka ce, "'Yata, danna." In danna, ka leƙa, ka rage hasken ko ka ƙara, ka sake zama. Shi ya sa baƙin mutum ke fitowa da kyansa a hannunka, goshinsa ba ya ƙyalli kamar an shafa masa mai. Yarinyar da ke tsoron haske kuwa, miƙa mata filash ɗin kake yi, ta yi ta kunnawa har ta yi dariya.

Ba ka taɓa ɗaukar hoto don kanka ba, sai waɗannan na gwaji. Autarka, wadda ta iso bayan an kai ka, ta zo ta roƙi guda ɗaya. Na buɗe kwamfuta, wayam. Ashe washegarin rasuwarka mai shago ya goge su, wai sun cika wuri, filash ɗin kuma ya ba 'yan gwangwan. Hotunan motarsa suna nan, ko ɗaya bai taɓa ba. Shi ne kuma ya fi kowa sharar hawaye a ƙofar gidanka. Raina ya ɓaci, Baba, har yau ban huce ba.

Ɗaya tak na samu a katin kyamara, na safiyarka ta ƙarshe, wanda filash ta ƙi tashi. Duhu ne, sai farar hularka da hannunka a ɗage, kana cewa in sake. Shi na buga mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yaya, haka yake ɗaga hannu."

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba Mama matarka da autarka da yayyenta haƙurin rashinka.