Abin da Torika Ta Faɗa wa Gwaza

Tun da na kafa teburin abarba a kasuwar Suva nake maƙwabtaka da Torika, kuma ban taɓa ganin ta zauna ba. Tana da kujera, wata 'yar roba shuɗiya, amma jakarta ce ke hutawa a kai. Ita tana tsaye kan gwazarta, ta kunce ɗauri ta sake ɗaurewa, ta mai da na hagu dama, ta yayyafa ruwa, ta kori ƙudan da bai ma sauka ba. Ko shayi a tsaye take sha. Na sha gaya mata kallonta kaɗai gajiyar da ni yake yi, sai ta ce to in rufe idona mana.

Mutuniyar kan tudu ce, daga can cikin Naitasiri inda hanya ke ƙarewa a bakin kogi. Duk mako motar ƙauye ke sauko da ita da buhunanta, ba ta komawa sai ta sayar. Tana budurwa uwarsu ta rasu, ta bar mata ƙane mai rarrafe, Sakiusa. Ita ta goya shi, ita ke tauna gwaza ta sa masa a baki. Da ya fara tsiro gemu sai al'adarsu ta shiga tsakani. A ƙauyensu mace da ɗan'uwanta namiji in sun girma ba sa magana da juna, ba sa kama suna, ba sa haɗa tabarma. A gidanmu mun sassauta wannan tuntuni, ni da yayana har tsokana muke yi. Su Torika kam ba su san sassauci ba.

Sakiusa ya samu aiki a ɗakin girkin wani jirgin 'yan yawon buɗe ido, irin wanda in ya tsaya a tasha yake leƙo rufin kasuwarmu. Bai fi sau ɗaya a shekara jirgin ke biyowa Suva ba, ya iso da safe ya tashi da la'asar. Idan Sakiusa ya sauko, gaban teburina yake tsayawa, ni ce bakinsu. Torika za ta ce in gaya wa na jirgi ya rame. Shi kuma ya ce in gaya wa Maman Seru, wato Torika, aikin ne da yawa. Tsakaninsu bai kai taku biyu ba, kowa ya ji da kunnensa, amma sai na maimaita. Abin yana ba ni dariya, yana kuma ba ni haushi, musamman in ina da mai saye.

Bana Torika ta fara zabgewa. Zanenta ya koma zagaye ta fiye da da, ga shi ta daina cin rogon da muke rabawa da rana. Da na matsa mata ta ce likita ya ga wani abu a cikinta, kuma ya ce ya riga ya yi nisa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta Seru yana can Ostareliya yana tsinkar lemu. Ba ta so na jirgi ya ji labarin a tsakiyar teku bayan an gama komai. Ni take so in faɗa masa.

Na ce mata na kai gaisuwa, na kai faɗa, na kai ƙorafin kwanon rufi, amma wannan saƙon ba zai bi ta bakina ba. Ta ce za mu gani.

Ranar da jirgin ya iso kasuwa ta cika da Turawa jajayen wuya da hulunan kaba. Ba sa sayen abin kirki, don ba a barinsu su hau jirgi da ɗanyen kaya. Su shinshina, su ɗau hoto, su ce bula, gaisuwarmu ta nan, su wuce saman bene kallon saiwar yagona da muke dakawa mu jiƙa mu sha. Torika ta zaga teburinta har na rasa lissafi. Ta je ƙofar da ke kallon tasha ta dawo, ta sake komawa. Rana ta take, babu Sakiusa. Ta zubar da ruwan yayyafinta a ƙafata ba ta ma sani ba. Ni ma da nake yi mata tsiya, sau biyu na kusa yanke yatsa.

Sai da rana ta karkata ya shigo da gudu, zufa sharkaf, da ledar sabulu da alewa a hannu. An hana shi sauka ne sai da aka gama wanke-wanke, kuma ba shi da lokaci. Ya dube ta ta gefen ido sau ɗaya, na ga fuskarsa ta canza. Ya ce in tambayi Maman Seru ko lafiya.

"Vasemaca, faɗa masa," in ji Torika.

"Ba zan faɗa ba. Ga ki, ga shi. Bakin da ya tauna masa gwaza ai bai toshe ba."

Na juya musu baya na kama feraye wa wata Baturiya abarbar da ba ta ce tana so ba. Tsoro nake ji kada ya tafi a haka, alhakin ya hau kaina.

Jirgi ya yi busar farko. Sai na ji Torika ta ɗaga ɗaurin gwaza mafi girma ta dire shi a ƙarshen tebur, tsakaninta da ƙanenta.

"Gwaza," ta ce, "kai ɗan gonarmu ne, kai zan aika. Ka gaya wa na jirgi ba na jin zan kai zuwansa na baɗi. Ba roƙonsa nake ya bar aikinsa ba. So nake kawai ya sani daga gida."

Wani mai kyamara ya matso zai ɗauka, na harare shi da wuƙa a hannuna, ya ja da baya. Sakiusa ya tsaya yana kallon gwazar, ledar tana lilo a yatsansa. 'Yan jirgi suka fara tururuwa zuwa ƙofa, masu jagorantarsu na ɗaga 'yan tutoci. Aka yi busa ta biyu, mai tsawo, har kwanon rufi ya amsa.

Ya ajiye ledar. Ya cire katin aikin da ke rataye a wuyansa ya tura aljihu.

"Gwaza, tambayar mini Yaya, yaushe motar ƙauye ke tashi?"

Torika ta hau gwaza da faɗa. Ta ce ya gaya wa wannan mai taurin kan cewa aiki irin wannan ba a tsintarsa a hanya, ya kwashi ƙafarsa ya tafi tun ba a janye tsani ba. Sakiusa ya sunkuya ya fara tattara buhunanta, yana ninkewa ɗaya bayan ɗaya yadda ta koya masa yana yaro.

Faɗan ya yi ta raguwa har ya ƙare. Ta ce wa gwaza motar sai gobe da hantsi. Sannan ta sauke jakarta daga kan shuɗiyar kujerar ta zauna.