Furera, da Maganar da Na Hana Ki Faɗa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, da shiri ko babu shiri. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, jim kaɗan bayan la'asar, Allah ya karɓi ran ƙanwata Furera, matar Malam Mahmud na Ƙofar Durbi, bayan zazzaɓin kwana biyu. Shekarunta talatin da huɗu. Ta bar ɗiya ɗaya, Fadila.

Furera, tun da aka kai ki makwancinki mata ke shigowa suna faɗin alherinki, ni kuwa kaina yana ƙasa. Suna zaton baƙin ciki ne kaɗai. Akwai kunya a ciki, kuma ita ta fi yawa.

Sun faɗi gaskiya a kanki. Duk shekara in azumi ya raba tsakiya, kikan tattara ƙyallayen da suka rage a gindin keken ɗinkinki, ki haɗa wa marayun unguwa kayan sallah, ki aika a baƙar leda don kada a san daga wane gida suka fito. Da jikin Inna ya shanye, shekara biyu ke ce mai juya ta, ke ce mai wanke ta. Ni sai in zauna gefe ina yi mata karatu, ke kina ba ta labarin unguwa har ta yi dariya da rabin baki. Ni ma ba ki ƙyale ni ba. Kikan ce Yaya Zuwaira ko ƙuda ne ya faɗa mata a kunu, ba za ta sha ba sai ta aika an tambayo malam. Nakan ɗaure fuska, amma ina jin daɗi, don ina ganin kaina mai kiyayewa.

Shekara tara ke nan, saura wata uku a ɗaura aurenki, mota ta buge kurkurar da kika hau, wato a-daidaita-sahu, a wajen Ƙofar Marusa. A asibiti aka ce saifarki ta fashe, jini yana zuba ta ciki, in ba a cire ta ba ba za ki kai gobe ba. Ni na dangwala hannu aka shiga da ke tiyata. Malam Mahmud yana Legas a lokacin, bai iso ba sai da kika fara shan kunu.

Ranar sallama, Sista Martha, ma'aikaciyar jinyar da ta kula da ke, ta zaunar da mu. Ta ce mutum yana rayuwa lafiya lau babu saifa, har ya haihu, har ya tsufa. Amma saifa tana cikin masu tsaron jini, don haka zazzaɓinki ba irin na kowa ba ne. Ranar da jikinki ya yi zafi, ranar za a kawo ki, a kuma gaya wa likita abin da aka cire. Ta ce duk wanda yake kwana gida ɗaya da ke lallai ya sani. Sau biyu ta maimaita wannan, tana kallona.

Muna komawa gida na ce ki yi shiru. Na san garinmu. In aka ji an cire wa budurwa wani abu a ciki, kafin maganar ta fita ƙofar gari ta zama mahaifa. Na ji tsoron dangin miji su janye. Na ce in Malam Mahmud ya tambayi tabon, ki ce ɗinkin haɗari ne. Har na yi wa kaina fatawa cewa wannan ba ƙarya ba ce. Na yi miki alkawari ni zan zama mai tsaronki, da kin ji zafin jiki ki kira ni. Haka muka yi ta yi. Sau nawa na zo na ɗauke ki da sunan rakiyar dubiya, muka wuce asibiti.

Bayan sunan Fadila kin ce mini, “Yaya, ai yanzu ko makaho ya shaida ba mahaifa ba ce. Bari in gaya mashi.” Na ce ki bari, abin da Allah ya rufa kada mu tona. A lokacin ba aurenki nake tsarewa ba. Sunana nake tsarewa, kada surukinmu ya ce Malama Zuwaira ta ɓoye masa gaskiya. Kika dube ni, kika bar maganar, don ba ki taɓa tsallake maganata ba.

Da zazzaɓin nan ya zo ina Malumfashi wajen suna. Ba ki kira ni ba, kada ki tashe ni daga cikin mutane. Mijinki ya yi abin da kowane magidanci zai yi da damina: ya karɓo maganin zazzaɓin sauro a kemis, ya ce a ga gobe. Goben nan ba ki gane kowa ba. A asibiti likita ya ga tabon, ya tambaye shi me aka taɓa cire miki. Ya ce ɗinkin haɗari ne. Maganata ce ta fito daga bakinsa.

Kwana uku ina jin ana cewa Malam Mahmud ba ya cin abinci, duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce shi ya yi jinkiri, shi ya kashe ki. Bayan an watse daga addu'ar uku na sa aka kira mini shi zaure. Na durƙusa, na gaya masa komai. Sannan ya ce, “Yaya, ko mahaifar ce aka cire, ai Furera na nema. Da kun gaya mani, a kafaɗa zan kai ta tun safiyar farko.” Ya tashi ya fita.

Na san kwana in ya ƙare babu mai ƙara shi. Amma an ba ni amana na danne, wannan kuma ba zan laɓe bayan ƙaddara a kansa ba. Na rubuta ne don duk wanda ya ji Malam Mahmud yana zargin kansa ya san inda laifin yake. Har yau bai ce ya yafe mini ba, kuma ba ni da bakin da zan ce ya yi sauri.

Allah ya jiƙanki, Furera, ya yalwata kabarinki, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya sada ki da Inna a Aljanna. Allah ya raya Fadila, ya ba ta halinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Mahmud da danginsa, da 'yan'uwanmu, da matan Ƙofar Durbi. Wanda zai yi miki addu'a ya yi. In ya rage masa kaɗan, ya roƙa mini Allah ya sa mijinki ya iya yafe mini.

Yayarki,
Zuwaira