Minti Shida a Zauren Baba

Da kofin silba Baba ya jefe ni, kuma bai kuskure ba. Ya same ni a saman gira, jini ya biyo gefen hancina ya ɗiga a kan sabuwar laftof ɗin da na ɗora masa a cinya. Mutumin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar wata biyar, hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya, amma hannun hagun nan mai karkarwa bai manta saiti ba. Na ɗauke kayana ina huci. Ni ma ɗansa ne, zuciyar nan gadonta na yi, saura ƙiris in maka laftof ɗin da bango.

Abin da ya jawo faɗan shi ne Baba yana da maganar da yake son faɗa. Duk wanda ya zauna kusa da shi ya san haka. Sai ya damƙi wuyan rigata, ya jawo ni har ina jin numfashinsa a fuskata, ya yi ta kokawa da harshensa, ba abin da zai fito sai gurnani, sannan ya hankaɗe ni ya juya fuska bango. Biro ba ya riƙuwa a hannunsa. Waya kuwa, in ya nufi harafi ɗaya sai ya danne uku. Laftof ita ce dabarata ta ƙarshe, ga kuma ladan da na samu. Da na dawo daga wanke fuska, na tarar yana dukan ƙafar gado da sandarsa, yana nuna saman kabad.

Tsohuwar kwamfutarsa ce a can, a nannaɗe cikin zanin marigayiya mahaifiyarmu. Baba akawu ne mai buga tafireta a zamaninsa, kuma ya sayi kwamfutar ne tun ina goye, a hannun wani malamin kimiyya Ba'indiye da zai koma ƙasarsu. Baƙa ce, ba ta fi tiren shayi ba. Ba ta da fuska tata, da talabijin ake haɗa ta. Ba ta riƙe komai a kanta, duk aikin da za ta yi sai an karanto mata shi daga kaset irin na waƙa. Madannanta masu zurfi ne, sai ka danna da gaske, kuma manhajar rubutunsa tana fito da haruffa manya-manya. Shekara ashirin ya yi yana rubutu da ita, mu kuwa ko ƙurarta ba mu isa mu share ba. Da na sauko da ita ya ɗora yatsa a kan madannan, sai na ga karkarwar ta ragu. Nan na gane nufinsa, na kuma ji kunyar daɗewar da na yi ban gane ba.

Sai dai kaset ɗin manhajar ya riga ya mutu. Zafin ɗaki ya manne zaren, ina juya shi da biro ya tsinke. In babu manhajar, ka danna harafi sai ta fito maka da wata kalmar umarni ta Turanci, ba ta yadda mutum zai rubuta ko sannu. Na shiga intanet na yi ta tono, har na samu wasu masu son tsoffin kaya sun adana manhajar a matsayin fayil na sauti. Abin da ya rage shi ne laftof ɗina ta kunna sautin, ya bi ta igiyar waya ya shiga tsohuwar, ita kuma ta ɗauka kaset take saurare. Minti shida cif, ba tare da ko tari ya gifta a cikin wayar ba.

Ban iya haɗa waya ba, don haka na tafi wurin Oga. Haka kowa ke kiransa. Ibo ne, mai gyaran rediyo da talabijin a kusa da tasha, ya fi shekara talatin a Daura, 'ya'yansa duk nan aka haife su. Shi ke yi wa Baba gyara tun ina firamare, kuma duk sallah sai an kai masa tuwo. Da na faɗa masa, ya rufe shago da rana tsaka ya ɗauko jakarsa.

Gidanmu ba a shiga. Matata da matar yayana suna ciki, don haka a zaure muka baje kayan. Ɗakin Baba yana buɗewa ne a cikin zauren, daga kan gadonsa yana hango talabijin. Ƙofar waje kuma muka bar ta a buɗe saboda haske da iska. Ban ga komai a cikin wannan ba a lokacin.

Oga ya liƙa waya da dalma, ya murɗa talabijin har ta kama, ya rataya wata ƙaramar lasifika a jikin ƙusa, ya ce sai yana jin sautin zai san inda ya dace. Sautin kuwa ba daɗin ji. Yana farawa da dogon ƙiiii mai shiga haƙori, sannan ya ɓarke kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa, gefen talabijin na ta walƙiya da layuka masu launi. Ranar farko ƙarar ta yi ƙasa, tsohuwar ba ta ji ba. Muka ɗaga, ta yi yawa. Rana ta biyu muna minti na uku saƙo ya shigo laftof, ta yi ƙararrawa, komai ya rushe. Muka sake, aka ɗauke wuta. Duk faɗuwa sai Baba ya daki ƙafar gado, ni kuma in daki bango, har gaɓoɓin yatsuna suka sale. Oga dai sai ya yi dariya ya ce, "Malam, kai da Baba ku bar wa ginin nan lafiya. Mu sake."

A makon ne ake ta maganar wani ɗan kasuwa da aka ɗauke a wani ƙauye can yamma da mu. Kowa na cewa ba yadda za a yi 'yan daji su san gidansa in ba da ɗan gari ba. Kalmar infoma tana bakin kowa, daga mai shayi har mai faci. Ni ma na ji, amma hankalina yana kan minti shida.

Rana ta uku bayan la'asar, shugaban 'yan sintirin unguwarmu ya yi sallama, da mutum biyu a bayansa. Ajinmu ɗaya da shi a firamare kafin ya bari, kuma tun a lokacin na raina shi, ba tare da ya taɓa yi mini komai ba. Gaskiya ita ce da ladabi ya zo. Ya leƙa ya gaida Baba, sannan ya ce, "Malam, sannunku da aiki. Jama'a na ta surutu a kan ƙarar nan, kwana uku ke nan. Ga wayoyi, ga baƙo. Na ce bari in zo in gani da idona, in samu abin faɗa musu."

Muna minti na huɗu. Ba mu taɓa kaiwa nan ba. Ban ko ɗago kai ba, na ɗaga masa hannu irin yadda ake yi wa akuya.

"Malam, magana nake."

"Na ji. Ka yi mana shiru."

Ya sunkuya ya kai hannu kusa da wayar, ina jin duba ta kawai zai yi. Na make hannun.

Oga ya ce a hankali, "Malam, tsayar da ita. Bari in nuna masa yadda take, sai mu sake daga farko. Minti shida ne fa."

Da na ji wannan maganar, da yau ba ni da labarin bayarwa. Amma zuciya ta riga ta ciyo ni. Na ce, da ƙarfi yadda na waje za su ji, "Me za a nuna masa? Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba, shi zan tsaya yi wa bayanin kwamfuta?"

Na ga fuskarsa ta canza. Ya kama wayar ya fizge, ƙarar ta ɗauke, talabijin ta yi fari. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗauke shi da mari, har hularsa ta faɗi a bakin ƙofa.

Ɗaya daga cikin mutanensa ne ya fita da gudu yana ihu. "Infoma! Suna magana da 'yan daji! Sun daki shugaba!" Kafin ka ce kwabo layin ya cika. Wasu na san su, wasu ban taɓa ganinsu ba, masu gora, masu itacen girki, wani da sarƙar babur.

Ni na yi marin, ni na yi zagin, amma ba ni suka nufa ba. Ni ɗan unguwa ne, sun san kakana. Mutum biyu suka murɗe mini hannu ta baya suka danna ni a bango, wani ya zuba mini gora ɗaya a kafaɗa don in natsu. Oga suka ja. Suka fizgo shi ta kwalar riga, kansa ya daki dokin ƙofa, suka wurga shi waje. Gorar farko ta same shi a baki. Ya ɗaga hannu ya kare kansa, ta biyu ta sauka a kan hannun, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Yana ta faɗa da Hausarsa tsaf, "Ku tambayi Baba! Ni ne mai gyaran rediyo! Kai, ba ni na gyara maka fanka ba?" Wanda ya gyara wa fankar ya ɗauke kai. Suka yi ta dukansa, da ƙafa, da itace, da sarƙa, ƙura ta tashi, farar rigarsa ta koma ja. Ina ihu ina cewa ƙarya ne, kwamfuta ce, rubutu ne, amma wa zai saurari bayanin da na ƙi yi lokacin da aka tambaye ni da lalama?

A cikin zaure wasu suka far wa kayan. Talabijin ta fashe da gora ɗaya. Laftof ɗina aka karya ta gida biyu a kan gwiwa. Tsohuwar kwamfutar Baba wani ƙato ya ɗaga sama ya maka a ƙasa, ya bi ta da diddige, madannan suka watse har ƙarƙashin tabarma. A waje na ji wani yana cewa a kawo taya, wani ya ce akwai fetur a babur ɗinsa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Da Baba yana da baki, kalma ɗaya tasa ta isa. Babu wanda zai ɗaga sanda a ƙofar gidansa yana magana. Amma ba shi da shi. Sai na ji wani abu ya faɗi tim a ɗakinsa. Ya mirgino daga kan gado. Ya fito yana jan jiki da gwiwar hannun hagu, rabin jikinsa na binsa a ƙasa, zaninsa ya kwance, yawu na zuba, yana wannan gurnani nasa. Ya bi ta kan fasassun gilasai, ya tsallake dokin ƙofa da ƙirji, ya ratsa ƙafafun mutane. Da ya isa ya kifa a kan Oga. Wata gora da ta riga ta taso ta sauka a bayansa.

Shugaban 'yan sintirin, wanda shatin yatsuna ke kumatunsa, shi ne ya fara ture mutane yana cewa, "Ku ja baya! Baba ne! Ku ja baya, don Allah!" Shi ya cire rigarsa ya rufa wa Baba. Kafin mai unguwa ya iso, rabin taron ya zame, kowa ya zama ɗan kallo.

Oga ya rayu. Hannunsa ya karye wuri biyu, haƙora uku sun tafi, ido ɗaya ya daɗe bai buɗe ba. Na je asibiti na durƙusa a gaban gadonsa, matarsa ta tashi ta fita don kada ta ga fuskata, kuma ban ga laifinta ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce ta cikin kumburarren baki, "Na ce maka ka tsayar da ita, Malam."

Bayan sati biyu na aro kwamfuta a makarantar da nake koyarwa, na samo manyan madannai masu zurfi, na haɗa da talabijin ɗin yayana, na ƙara girman haruffa har kowanne ya kai tafin hannu. Dabara ce da ya kamata in yi tunaninta tun farko. Na ɗora madannan a cinyar Baba, na ce, "Baba, ga shi. Ka gwada wannan, don Allah. Ko me kake son faɗa, ina ji."

Ya dubi talabijin, ya dubi madannan. Sannan ya dube ni, kallo mai tsawo, ba fushi a ciki, wanda da akwai da na fi samun sauƙi. Ya janye hannunsa na hagu ya cusa shi ƙarƙashin bargo.

Kullum da safe nakan kawo masa su, kullum hannun yana ƙarƙashin bargo. Yayana ya gwada, matata ta gwada, bai taɓa ko harafi ɗaya ba. Ya rasu da farkon damina. Har yau ban san me yake son faɗa ba, wasiyya ce, ko wani abu ne game da mahaifiyarmu, ko kuwa cewa kawai zai yi a daina sa masa sukari a koko. Mutane suna cewa ciwo ne ya tafi da maganar Baba, ni kuma ina gyaɗa musu kai. Wata biyar na farko ciwo ne. Sauran ni ne.