Muryar Inna da Shanunmu

Ina da ɗan shago kusa da tashar Magariya, inda nake buga wa mutane takardu. Kwamfutar tsohuwa ce, amma tana da wata ɗabi'a da ta sa na raina kowace matsala. Lokaci-lokaci takan ajiye wa kanta alamar yadda take a ranar, ba tare da na sa ta ba. In ta rikice sai in zaɓi wata rana ta baya, ta koma garau. Har cika baki nake yi wa direbobi wai injina ba ya mantuwa.

Wata shekara bayan girbi Inna, mahaifiyata, ta zo daga Guci ganin likita. Tana zaune a shagon tana jiran mota ta cika, sai ta kama ba ni tarihin shanunmu: saniyar da babanta ya ba ta ranar aure, ƴaƴanta da jikokinta, wadda fari ya kashe, wadda aka yanka ranar sunana. Na ɗauki muryar da waya, na juye a kwamfuta. Wayar ba ta daɗe ba ta lalace.

Da wurin ajiya a kwamfutar ya yi mini kaɗan, ga aikin hotunan wani biki, sai na share tarkace da yawa har da muryar, na kuma zubar da kwandon sharar. Ko ɗar ban ji ba. Ai in ina so, baya zan koma.

Inna ta rasu da damina. Bayan sadakar arba'in ƙanwata ta hau mota ta zo takanas.

"Yaya, kunna mini Inna in ji."

Na buɗe jerin ranakun, na zaɓi wadda take kafin sharar. Injin ya mutu ya tashi. Wani wasan karta da na cire tuni ya dawo daram, muryar kuwa babu. Na gwada wata ranar, na sake gwada wata. Daga ƙarshe na kira wani mai gyara a Damagaram.

"Malam, wannan ai kayan aikin ordinatar kaɗai yake maidowa," in ji shi, yana nufin kwamfutar. "Abin da ka aje da hannunka ka share, ba ruwansa."

Ban taɓa jin haushin kaina kamar ranar ba. Ƙanwata ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce in ɗauko takarda mu rubuta abin da muka tuna. Ta faɗi saniya ta farko, ta faɗi ƴarta. A ta uku ta tsaya, ta zuba mini ido. Ni kuwa ranar da Inna take magana, hankalina duk yana kan waya, ina duba ko tana ɗauka.