Ranar da Maigidana Ya Shiga Majami'a

Ina amarya a Orozo, tun ba a fara zancen gina babban birnin tarayya ba, wata baturiyar mishan takan zo daga Karshi a kan keke tana koya wa mata karatu a gindin ɗorawa. Ta fi ni iya Hausa, don ni da Gwaranci na tashi. A hannunta na karɓi bishara, maigidana kuwa ya tsaya kan tsafin kakanninsa.

Mun shaƙu sosai. Takan zauna a tabarmata ta ci sakwara da hannu, tana kirana 'yar'uwa. Wata rana ta ce mutanen majami'arsu a Turai suna mana addu'a, amma addu'a ta fi kyau idan mai yinta ya san abin da yake roƙo. Na yarda da ita, na faɗa mata abin da ko uwata ba ta sani ba: yadda maigidana yake kwana wajen burkutu, da yadda ya yanka kaza a kan ɗanmu na fari yana zazzaɓi, yaron kuma ya rasu, har lokacin yana kuka a ɓoye. Ta riƙe hannuna ta ce tsakaninmu ne da Allah.

Shekaru suka wuce ina lallashinsa. Ya rage sha, har ya fara tsayawa bayan tagar majami'a yana sauraron waƙa. Da aka ce baƙi daga Turai za su zo sujada, da kansa ya wanke rigarsa ya bi ni. Ya zauna can baya cikin maza.

Wani dattijo a cikin baƙin ya miƙe, tafinta yana juya maganarsa. Da fara'a ya ce sun daɗe suna addu'a domin wani mashayi a garin nan, wanda ya kai ɗansa wurin tsafi yaron ya mutu, matarsa kuma Kirista ce. Ya tambaya ko mutumin yana nan. Garin ƙarami ne, kowa ya waiwaya.

Maigidana ya tashi, ya ɗauki hularsa ya fita. A gida bai dake ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ashe har ƙetaren teku an san na kashe ɗana."

Washegari baturiyar ta zo tana hawaye, ta ce da kyakkyawar niyya ta ba su labarin. Na ba ta ruwa, amma ban shimfiɗa tabarma ba. Sai a ranar na lura ban san komai game da gidansu ba, ko sunan uwarta.

Ban bar majami'a ba. Maigidana dai bai sake taka ƙofarta ba har ya rasu. Muka ci gaba da noman doya tare, yana gaishe ni da safe kamar kullum, amma bai ƙara yin kuka a gabana ba.