Mai Akwati da Fim Ɗinsa na Ƙarshe

Haihuwa

An haifi marigayi, wanda jama'a suka sani da Mai Akwati, a shekarar 1951, a wani ɗaki da ke bayan shagon mahaifinsa, a layin masu gyaran takalma na garin da ya rayu kuma ya rasu a cikinsa. Mahaifinsa baduku ne, mahaifiyarsa kuma tana saƙa rigunan jarirai, shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai. Ni matarsa ce nake rubuta wannan tarihi daga abin da na gani da abin da ya gaya mini. Karatuna bai yi nisa ba, inda na kuskure shekara 'yan'uwansa su gyara. Na rubuta ne domin jikoki su san mutumin da ya shekara arba'in da ɗaya yana neman hoto guda tak, wato hotona wanda ban motsa a ciki ba.

Karatu da Sana'a

An sa shi makarantar firamare a 1958, ya gama a 1965, daga nan mahaifinsa ya danƙa shi hannun wani mai gyaran keken ɗinki, inda ya yi shekara takwas yana koyo kafin ya buɗe nasa shagon a 1973. An shaide shi da haƙuri da tsari. Idan zai kwance keke sai ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera kusoshi bi da bi yadda ya cire su, har teloli suna cewa ko makaho zai iya mayar da su.

Yadda Akwatin Ya Zo Hannunsa

A 1975 wani tsohon tela ya kira shi gyara, sai ya hango wata kyamara ta katako a ɗakin ajiya, ƙarƙashin tsummoki, wadda wan telan ya rasu ya bari. Girmanta ya kai akwatin tufafi, tana tsayawa a kan ƙafafu uku, gabanta ido ne na gilashi, bayanta gilashi mai hazo, tsakaninsu kuma fata ce mai naɗewa kamar zugazugin maƙeri. Telan ya ce masa, "Ɗauke ta, ɓeraye ma sun gaji da ita."

Wata takwas ya yi yana raya ta. Ya ɗinka sabuwar fata a shagon mahaifinsa, ya riƙa sa tocila a cikinta a ɗaki mai duhu domin ya gano duk hujin da haske zai bi, ya goge gilashin baya da lallausan yashi da ruwa har tafin hannunsa ya saluɓe. Bai taɓa mayar da ita sana'a ba, abin ranar hutu ce, amma daga ita ya sami sunan da ya binne nasa na yanka.

Fim ɗinta falle-falle ne, kowane falle ya kai faɗin littafi, ana sa shi cikin wani siririn gida na katako mai marfi da ake zarewa. Bakin marfin gefe ɗaya fari ne, ɗaya baƙi. Idan fari ne a waje ba a ɗauki hoto ba tukuna, idan baƙi ne akwai hoto a ciki da ba a wanke ba, kuma duk wanda ya zare shi a haske ya kashe hoton har abada. Wannan ce doka ta farko da ya koya wa duk wanda ya shiga gidansa.

Aure

An ɗaura mana aure a watan Afrilu na 1978. A satin farko ya kafa akwatin a tsakar gida, ya lulluɓa mini baƙin mayafi ya ce in duba gilashin baya. Abin da na gani ban manta ba har yau: gidan namu ne, da launinsa da komai, amma kai ƙasa, igiyar shanya tana lilo, kaza tana tafiya a rataye. Na yi salati na fito, na sake komawa. Ban san haske yana da irin wannan hikima ba sai ranar.

Daga nan ya zaunar da ni a kujera bakin taga. Kyamarar ba ta da maɓalli, hular idon ake cirewa a ƙirga daƙiƙa takwas a mayar, kuma dole mutum ya tsaya cak. Ya shiga mayafi, bayansa a waje, ya ce, "Ga ki nan a rataye kamar jemage." Da ya fito ya cire hular yana ƙirga da fuska a murtuke, kafin ya kai huɗu dariya ta ƙwace mini. Hoton ya fito kujera sarai, taga sarai, fuskata kuwa hayaƙi. Tun ranar yake kirana 'Yar Motsi, ya kuma yi alkawarin falle ɗaya duk shekara a watan aurenmu har sai ya kama ni. Ya gwada jingina kaina da bango, ya gwada juya mini baya yana ƙirga, ya gwada hana kansa magana, duk a banza, domin shirun nasa ya fi maganar ban dariya.

'Ya'ya da Ɗakin Duhu

Allah ya ba mu 'ya'ya biyar tsakanin 1979 da 1991. Ta ukun ta rasu a 1984 tana shekara biyu, hotonta ɗaya ne a duniya, ya ɗauke ta tana barci, kuma har yau ana iya ƙirga gashin idonta ɗaya bayan ɗaya.

Ya mayar da ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashin matakala ɗakin wanke hoto, ya toshe kowace kafa da tsumma. Da sassafe yake aiki, lokacin da ruwa ke da sanyi. Tunda ba a ganin agogo a duhu, ni nake zama bakin ƙofa da agogon tebur ina faɗa masa lokaci: minti bakwai a tiren ruwan magani na farko, rabin minti a na biyu, minti biyar a na uku. Ban taɓa sa hannu a fim ba, amma ina jin ƙarar ruwa idan yana jijjiga tire, har na haddace ta. Idan ya zo buga hoton a takarda sai ya kunna jan ƙwan lantarki ya kira ni, mu tsaya muna kallon fuskar mutum tana tasowa daga farar takarda a cikin ruwa. Na ga wannan ya fi sau ɗari, ban daina jin tsigar jikina tana tashi ba.

Shekarun Tsufa

Ya rufe shago a 2012. A lokacin fim ya yi wuyar samu, sai an aiko daga nesa, yana ajiye shi a firji kusa da ruwan sha. Babban ɗanmu ya taɓa ce masa, "Baba, waya za ta ɗauki ɗari kafin ka gama kafa ƙafafun nan." Ya ce, "To, cikin ɗarin faɗa mini ɗaya da ka tuna."

A farkon 2019 ciwon zuciya ya kama shi. Da Afrilu ya zo falle ɗaya ya rage a firji, ya ce a kafa masa akwatin bakin taga, 'yarmu ta biyu ta kafa. Ya daɗe a cikin mayafi. Da ya fito ya cire hular, na ga yadda agogo ke yawo a tsintsiyar hannunsa, na ji numfashinsa tsakanin ƙirga da ƙirga. Ya kai takwas, ya mayar da marfi da baƙin gefe a waje. Ya ce, "'Yar Motsi, yau ba ki yi dariya ba." Na ce, "Baban yara, ai ba ka ba ni ba." Ya ce, "Gobe ma wanke." Washegari asibiti aka kai shi.

Rasuwa

Wa'adinsa ya cika ranar Alhamis da hantsi, kwana huɗu bayan haka, yana da shekara sittin da takwas. An yi masa salla a ƙofar gida bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa kusa da mahaifinsa, teloli da yawa sun rufe shago sun raka shi.

A rana ta uku babban ɗanmu yana kintsa ɗaki, ya ɗauki gidan fim ɗin ya fara zare marfin domin ya ga abin da ke ciki. Ya ja kamar faɗin yatsa na riƙe hannunsa, na ce, "Baƙi ne a waje." Ya mayar.

A rana ta tara da sassafe na shiga ɗakin duhu ni kaɗai, 'yarmu ta biyu ta zauna a kujerata da agogo. Na lalubi fallen ta gefe yadda na sha ganin yana riƙe wankakke, na jijjiga tire da irin ƙarar da kunnena ya haddace, tana faɗa mini bakwai, rabi, biyar. Da na buga shi a takarda, ya taso. Inda marfin ya buɗe wani farin haske ya ci saman hoton, ya tsaya dab da ɗankwalina. Fuskar kuwa ta fito sarai, kowane layi na goshi, har da surarsa 'yar ƙarama a cikin ƙwayar idona, yana tsaye da hular a hannu.

Marigayi ya bar mace ɗaya da 'ya'ya huɗu: babban ɗa, likitan dabbobi, ta biyu, malamar makaranta, wadda akwatin ya koma hannunta, na huɗu, mai gyaran lantarki, da auta, ungozoma. Ya bar jikoki tara. Ya bar hotunan matarsa arba'in da ɗaya masu hayaƙi a fuska, kowanne da shekararsa a baya da rubutun hannunsa, da guda ɗaya wanda ya nema bai gani ba. Wannan ɗayan yana cikin durowa a naɗe da baƙin mayafinsa. Na 1978 na rataye a bango, domin a cikinsa dariyar da ya ba ni take. Allah ya haskaka kabarinsa.